Ƙararrawar Zabo

Ku matso da kwandon gyaɗar nan tsakiya, hannu na ɓara kunne na saurare. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma hukuncinsa na bar muku, don ni na kasa yankewa.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani maharbi mai suna Shekarau. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, matarsa Delu kuma shekara guda ke nan da barinta duniya. Tun suna ango da amarya Delu ce ke dafa wa karnukan farautarsa abinci. Karyar da ta fi so ta haifi 'yan kwikwiyo huɗu bayan rasuwarta. Uku suka mutu, uwar ma ta bi su. Saura ɗaya mai ɗige-ɗige a baya, aka sa masa suna Zabo.

Kullum da hantsi Zabo kan shiga zaure ya ɗora haɓarsa a ƙafar tsohon. Maƙwabta suna yi masa tsiya wai sai ya yi ta wanke ƙafa kafin kowace salla, shi kuwa ya ce ai rijiya ba ta ƙafe ba. Idan sun tafi sai ya shafa kan kwikwiyon, ya ce wannan kaɗai ya rage masa daga zuriyar karnukan da hannun Delu ya ciyar. Burinsa ɗaya ne: ya ji dawowar Zabo daga farautarsa ta farko.

'Ya'yansa uku ne, Barmo babba, sai Cindo, sai autarsu Tabawa wadda ke kula da shi. Da Zabo ya cika wata bakwai, cikin tsakiyar bazara, aka sa ranar fita daji.

Barmo ya tashi yana ganin mahaifinsu na hana karnuka abinci tun jajiberin farauta, don kare mai ƙoshi ba ya gudu. Saboda haka ya kife kwanon Zabo tun azahar ta jajiberin. Kwikwiyon ya yi ta bin sa yana lasar masa dunduniya, Barmo ya daure ya kau da kai. Bai tuna cewa manyan karnuka Baba ke yi wa haka ba. So yake Zabo ya riga kowane kare kama zomo, a zo a ba tsoho labari.

Cindo kuwa ya ɗauko abin wuyan fata na uwar Zabo, wanda Delu ta ɗinka da hannunta. Akwai 'yar ƙararrawa a jikinsa, ana cusa mata auduga idan za a shiga daji, a cire idan an doshi gida, don a ji dawowar masu farauta tun daga nesa. Abin wuyan ya yi wa Zabo yawa. Sai Cindo ya jiƙa wata siririyar ɗanyar fata ta yi laushi, ya tsuke shi da ita daidai wuya. Bai yi tunanin abin da rana ke yi wa jiƙaƙƙiyar fata ba. So yake Baba ya sake jin wannan ƙara da ya saba ji Delu na tsaye kusa da shi.

Ita Tabawa ba abin da ta yi, shiru kawai ta yi. Sau biyu ta ga Zabo yana tsakiyar wasa ya yanke jiki ya faɗi, harshensa ya dushe, bayan ɗan lokaci ya miƙe ya girgiza kamar ba abin da ya faru. Sau biyu ta shiga zaure da niyyar faɗa. Duk lokacin sai ta tarar da tsohon yana murmushi yana kiran sunan mahaifiyarsu a hankali, sai ta ajiye masa kunu ta fita. Da safen farautar ta tsaya a bakin ƙofa har suka ɓace, maganar na bakinta.

Rana ta take tsaka, Zabo ya tayar da zomo. Ya bi shi da gudu mai kyau, har mafarauta suna cewa jinin uwarsa ne. Yana gab da cafke shi sai ƙafafunsa suka naɗe, ya kife a ƙasa.

Barmo ya jefar da sandarsa da gadar da ya kaso, ya saɓa Zabo a kafaɗa ya yi ta gudu cikin ƙaya, bai tsaya ba sai a rijiyar bakin gari. A can Cindo ya ga fatar ta bushe ta nutse a wuya. Ya zura yatsansa ƙarƙashinta ya yanke ta da wuƙa, har ya haɗa da naman yatsan, ya yi ta kwara masa ruwa. Tabawa tun hantsi tana bakin rijiyar, don hankalinta ya ƙi kwanciya, ta kuma taho da ɗan zuma a ƙoƙo. Ta durƙusa ta shafa masa a dasashi. Zabo ya buɗe ido, ya dube su, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Kafin la'asar ya cika.

Wani malamin dabbobi da ya zo yi wa shanu allurar rigakafi a rugar da ke kusa ya tsaya shan ruwa. Ya duba bakin karen da wuyansa, ya saurari abin da kowannensu ya faɗa, don a nan ne kowa ya fito da nasa. Ya ce ƙaramin kare idan ya yi gudu da yunwa, ƙarfin jininsa kan yanke ya faɗi. Abin da ya shaƙe wuya cikin zafin rana ma yakan kayar da shi. Akwai kuma wanda ake haifa da raunin zuciya, irin wannan ba a sa shi gudu sam. Ko ɗaya daga cikin ukun ya isa, amma ba zai yi musu ƙarya ya ce ga wanda ya kashe shi ba.

Suka binne Zabo a gindin wata tsamiya. Barmo ya ce shi ne babba, shi ya kife kwano, shi zai gaya wa Baba. Cindo ya ce, "A'a Yaya, hannuna ne ya ɗaura." Tabawa ta ce su biyun ba su sani ba ne, ita kuwa ta sani.

Haka suka iso ƙofar zaure ba su daidaita ba, abin wuyan na hannunsu, audugar na nan cikin ƙararrawar. Tsohon ya sa sabuwar riga, ya ajiye ɗan kilishi a gefen tabarma. Ya karkata kai yana saurare.

"Na ji sawun mutum uku," in ji shi. "Cindo, kai da mantuwa! Cire audugar mana in ji shi."



To, ku da kuka ji: wanda ya hana abinci, da wanda ya ɗaura fata, da wadda ta gani ta yi shiru, wane ne a cikinsu ya kamata ya shiga zauren nan ya sa wa tsoho ƙararrawar a hannu?