Tsagar da Tabawa Ta Hana a Toshe

"Ku matso kusa. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

Wani manomi ne ana ce masa Nomau. A cikin jikin Nomau akwai birni guda, da unguwanni da hanyoyi da kasuwa, fatarsa kuwa ita ce ganuwar birnin. Kada wanda ya yi mini dariya, kowannenku yana ɗauke da irinsa.

Mutanen birnin suna da wata al'ada. Kowace safiya kowane gida zai ɗibi ɗan abin da ya dafa, ya zuba a faifai ya ajiye a bakin ƙofa. Sai Kare, dogarin gari, ya bi gida-gida yana sansanawa. Shi Kare bai san sunan maƙiyi ko ɗaya ba, ba a kuma taɓa sa shi a makaranta ba. Da hancinsa aka haife shi. Ya san ƙanshin 'yan gari, ya san warin waje, shi ke nan iliminsa.

A unguwar Dunduniya, jikin ganuwa, akwai wata mata mai suna Tabawa. Ita ce mai gangar gari. In ganuwa ta fashe ko baƙo ya shigo, ita za ta buga, sai samarin birni masu fararen riguna, waɗanda ake kira Farare, su fito yaƙi. Ɗanta na fari, Jatau, yana cikinsu.

Wata rana Nomau ya taka ƙaya. Ganuwa ta tsage, ƙwayoyin cuta suka kwararo ciki. Tabawa ta buga ganga, Farare suka fito da gudu, Jatau ya wuce ta gabanta ko waiwaye bai yi ba. Aka gwabza, aka ci nasara. Kura, wadda aikinta share fagen fama ne, ta bi ta kwashe komai kafin iyaye su iso. Jatau bai dawo ba.

Kowa a birnin ya san Farare ba su cika dawowa ba. Tabawa ma ta sani. Amma ba ta ga gawa ba, sai zuciyarta ta riƙa raya mata cewa ya bi abokan gaba ne ta tsagar ya fita waje, ya ɓata hanya. Tambaya ɗaya za ta yi wa Kura ta huta. To, ɗan fari ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar inda yake a gaban mutane, kunya ba za ta bar ta ba. Maƙwabta da suka ga ta daure suka ce ai ta haƙura. Alhali kewa tana cin ta kamar gara a cikin azara.

Magina suka zo suka toshe tsagar da busasshen jini. Da suka juya baya, Tabawa ta sa farce ta ɓantare gefe guda. Suka dawo suka liƙe, ta ɓantare. Suka sake liƙewa, ta sake ɓantarewa, kamar yadda wani da nake gani a nan yake yi wa ɓawon ciwon gwiwarsa. Har magina suka gaji suka ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau.

Kullum da la'asar sai ta zauna a bakin tsagar, gangarta a cinya, ta leƙa waje tana waƙa a hankali:

"Mai farar riga, ina ka kwana?
Tuwo ya huce, miya ta daskare,
Na bar maka hanya, ban rufe ba."

Ashe Gizo yana yawo a waje, rataye da wata 'yar gora. A cikin gorar ƙwayoyin cuta ne. Sun yi masa alkawari in ya shigar da su birni, duk kitsen garin nasa ne. Ya zaga ganuwa ya rasa ƙofa, sai ya ji waƙa. Ya kasa kunne, ya yi murmushi, ya matso.

"Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Matafiyi ne. Wai mai farar riga kike cigiya? Wani dogo, mai saurin tafiya?"

Ku kuwa kun san duk Farare dogaye ne masu saurin tafiya. Amma Tabawa ba ta tsaya tunanin haka ba. Abin da ba ta iya tambayar 'yan gari ba, ga baƙo ya kawo mata har gida, kuma ba a jin kunyar baƙo.

Ta ce, "Ka gan shi? Yana cin abinci?"

Gizo ya ce, "Haba Inna, ana ba da labari ta tsaga? Maƙogwarona ya bushe. Bari in shigo da 'yar gorata."

Warin waje ya daki hancinta. Ta san doka, makaɗin gangar yana hannunta. Ta dubi makaɗin, ta dubi tsagar, sai ta ajiye shi a ƙasa. Gizo ya lanƙwashe ƙafafu ya shige, ta kai shi ɗakinta ta ba shi fura.

Ya sha ya yi gyatsa ya ce, "Yana nan da ransa, a wani gari can bayan takalmi. Sauran labarin sai gobe, gajiya ta kama ni."

Tabawa ta yi kukan daɗi, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka yi yaƙi.

Gari ya waye. Ƙwayoyin da ke cikin gora, ɗaya ta zama biyu, biyu sun zama huɗu, har sun cika gorar sun malalo cikin tukunya. Tuwon da Tabawa ta tuƙa duk ya ɗauki warinsu. Ta ɗauko faifai, Gizo ya riƙe mata hannu.

"In Kare ya sansana wannan, korata za a yi, labari kuma ya tafi da ni. Sa masa na jiya."

Ta sa na jiya. Kare ya zo ya sansana, ya ɗaga kai.

"Tabawa, wannan tuwon ya kwana."

"Jikina ne ba daɗi, ban hura wuta ba."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Kare, ya wuce.

A ranar nan Gizo ya ce, "Ya yi ƙiba, har wuyansa ya yi layi. Sauran sai gobe."

Gari ya sake wayewa. Ƙwayoyi sun cika tukwane, sun hau rumbu suna ci. Gizo ya ce, "Na jiya ma ya ɗauki wari. Ki roƙo na maƙwabta." Tabawa ta leƙa katanga ta roƙi Hansai, maƙwabciyarta, ɗan tuwo, ta zuba a faifai. Kare ya zo ya sansana, ya daɗe yana sansanawa.

"Tabawa, wannan hannun Hansai ne. Ita ce mai cika daddawa."

"Ita ta aiko mini, don ba ni da lafiya."

Kare ya dubi ƙofar ɗakinta da ke rufe, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya wuce yana waiwaye.

A ranar nan Gizo ya ce, "Ya yi aure, matarsa har ta haihu. Sauran sai gobe."

Tabawa ta kwanta tana saƙe-saƙen jika, wai ko ya ɗauko hancin ubansa.

A rana ta uku babu abin da za a sa a faifai. Ƙwayoyi sun cinye rumbu, sun cika tsakar gida, suna bi ta ƙarƙashin katanga suna shiga gidan Hansai. Gizo ya ce, "Bar faifan haka nan. Ai yana hanya, yau ko gobe zai iso. Ke dai kada ki taɓa gangar nan, don in kin buga magina za su liƙe tsagar da gaske, ya zo ya tarar da bango."

Kare ya iso, ya ga faifai wayam. Bai yi haushi ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi magana yadda za ta ji daga ciki.

"Tabawa, ni ban san wanda ke ɗakinki ba. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Amma gidan da ya daina nuna abin da ya dafa, akwai abin da yake ɓoyewa. Haushina unguwa ɗaya yake tayarwa. Gangarki ce kaɗai ke tayar da birni."

Tabawa ta yi tsaye a tsakar ɗaki, ƙwayoyi suna bin ƙafafunta. Ta ji 'ya'yan Hansai suna kuka ta bayan katanga. Sai ta juya ga Gizo.

"Malam baƙo, ka ce ka zauna da shi, kun ci abinci tare."

"Ƙwarai, a akushi ɗaya."

"Yaya sunansa?"

Gizo ya sosa ƙeya. Duk zaman nan da suka yi, Tabawa ba ta taɓa furta sunan ba, sai dai "yaron nan" ko "mai farar riga".

"Haba Inna, ke da kika haife shi za ki tambaye ni?"

"Faɗa mini dai."

"Tanko? A'a, Gambo ne. Kai, Ɗanjuma suke ce masa a can."

Ba ta yi fushi ba, baƙin ciki ne ya rufe ta. Gaskiyar magana, tun ranar farko wani sashe na zuciyarta ya san ƙarya ce. Ta dai fi son ƙaryar da shirun da take ciki. Ta sunkuya ta tono makaɗi daga cikin ƙwayoyi, ta fita waje, ta buga ganga da iyakar ƙarfinta, tana bugawa hawaye na zuba.

Birni ya ɗauka. Aka buɗe manyan hanyoyi, 'yan dako masu jajayen huluna suka cika unguwar Dunduniya, har diddigen Nomau ya yi ja. Aka sako ruwa don a buɗa wa mayaƙa wuri, ƙafar ta kumbura. Aka hura wuta a kowace unguwa don ƙwayoyin cuta ba sa son zafi, zazzaɓi ya rufe Nomau ya kwanta yana rawar sanyi. Aka aika masa da raɗaɗi don kada ya taka ƙafar ya rushe aiki. Shi yana can yana cewa ciwo ya kashe shi, bai san mutanensa ne suke ceton ransa ba.

Farare suka iso da gudu. Ba su tambayi sunan kowa ba. Duk abin da ke warin waje suka rungume shi suka haɗiye, wanda ya cika ya faɗi a wurin, na bayansa ya tsallake shi. Aka rushe gidan Tabawa har ƙasa, don gidan da cuta ta yi sheƙa a ciki ba a barinsa. Gizo kuwa da ya ji zafi ya yar da gora, ya fice ta tsagar, ya haye rufin ɗakin Nomau ya lafe a kusurwa. Kitsen da bai ci ba ke nan har yau.

Da ƙura ta lafa, Farare suna kwance tuli a bakin ganuwa. Farin ruwan nan da kuke gani yana fita daga ciwo, wanda ake kira mugunya, to, su ne. Kura ta zo tana kwasa. Tabawa ta je ta tsaya a gabanta, a gaban mutanen unguwa duka, ta ajiye kunya gefe.

"Kura, ranar ƙaya, kin ga Jatau?"

Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta sai ranar nan.

Kura ta ajiye abin da ke bakinta ta ce, "Ni na ɗauke shi, Tabawa. A gindin ƙayar na same shi, ya toshe bakin tsagar da jikinsa. Ko taki ɗaya bai fita waje ba. Na yi ta jira ki tambaye ni."

Tabawa ta zauna a ƙasa. Wurin da ta yi ta ɓantarewa da farce, nan ne ɗanta ya ba da ransa don ya rufe.

Magina suka zo da kayan aiki. Ta ce su ba ta, da hannunta za ta liƙe. Tana cikin liƙewa sai ta ji an riƙe mata zane. Hansai ce. Ɗanta na fari yana cikin Fararen da suka fito yau, kuma ba ta gan shi ba. Ba ta iya kama sunansa ba, sai ta ce a hankali, "Yaya Tabawa, ki bar ɗan wuri kaɗan. Ko yaron nan ya fita waje."

Tabawa ta san ta dalilin tsagarta ne yaron ya tafi. Ta kama hannun Hansai ta riƙe gam, da ɗaya hannun ta cusa ƙasar ƙarshe ta shafe.

Ta ce, "Zo in raka ki wurin Kura. In bakinki ya yi nauyi, ni zan faɗi sunan."

Suka tafi tare. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin Nomau ya sauka, kumburi ya sace, wurin ya zama tabo.

To, kun ji. Kewa ba laifi ba ce, amma wanda ya ƙi tambayar gaskiya don tana da ɗaci, maƙaryaci zai sayar masa da zaƙi, kuma ba shi kaɗai zai biya ba. In ciwo ya yi ɓawo, a bar shi ya warke, na ƙafa ne ko na zuciya.

Kungurus, na ɗora ta a kan kusu, ya shige rami da ita.