Hujjar Barewa a Shafin Gandun Daji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Dabbobin wani gandun daji ne suka haɗu suna rubuta bayanin gandunsu a kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa. Dokarsu ɗaya ce: duk abin da ka rubuta, ka kawo hujja.

Barewa, mai saurin fushi, ta rubuta: "Bareyi sun fi kowa yawa a gandun nan."

Kura ta goge, ta ce, "Ƙanwata, ina hujja? Ni dai ban taɓa ganinku ba."

Barewa ta mayar, Kura ta sake gogewa. Kunkuru ya ce, "Barewa, ƙyale ta. Wannan ba gyara ya kawo ta ba."

Ina! Zuciya ta riga ta ɗebi Barewa. Ta ɗauki hoton danginta a maɓoyarsu ta ɗora, har da kwatance: bayan tsamiya, gangaren rafi.

Kura ta ce, "Madalla, yanzu na gamsu."

Ba a jima ba Kura ta gyara shafin: "Bareyi sun ragu ƙwarai a gandun nan."

Kunkuru ya ce, "Yaya Kura, hujja fa?"

Kura ta yi gyatsa. Har yau ba wanda ya goge.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta tsaya nan.