Ranar da Kogi Ya Rutsa da Iyalan Shigeru

Akwai wani mutum mai suna Shigeru Kuramochi, haifaffen Osaka, wanda ya shekara ashirin a Calgary ta ƙasar Kanada yana aikin injiniyan gada. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya wasa da iyalinsa. Aibinsa guda: a ganinsa babu mai faɗa masa abin da bai sani ba.

A hutun makaranta na watan Agusta ya ɗebi matarsa Fumie da 'ya'yansu biyu, Koharu mai shekara goma sha ɗaya da ƙaninta Riku mai shekara biyar, suka tafi Japan. A Kanada aka haifi yaran, wannan ne zuwansu na farko.

Bayan sun gama zagayen dangi sai suka ɗauki hayar mota suka nufi ƙauyukan cikin duwatsu. Kwana uku suna shan daɗi. Gonakin shinkafa kore shar, hawa-hawa a jikin dutse. Riku, wanda a gida sai an yi dambe yake cin abinci, ya koma neman ƙarin taliya mai sanyi.

A rana ta huɗu suka tsaya a bakin wani kogi. Ruwan garai-garai, ana hango duwatsun ƙasansa. A gefen hanya wani tsoho mai suna Tsuneo yana gasa kifin kogi a tsinke, ya barbaɗe shi da gishiri ya jera kewaye da garwashi. Shigeru ya sayi kifi da dunƙulen shinkafa, ya nuna wani tsibirin tsakuwa a tsakiyar kogin ya ce can za su zauna su ci.

Tsohon ya dubi duwatsun arewa, ya ce masa yau kam gara su zauna a nan gaɓa, domin tun asuba ake ruwa a saman dutse.

Shigeru ya ciro waya ya nuna masa. Babu alamar ruwa a yankin sai gobe.

"Ɗana, wayarka sama take kallo," in ji tsohon. "Ni kogin nake kallo."

Shigeru ya yi dariya. "Baba, lissafin ruwa shi ne sana'ata. Kai dai kula da kifinka kada ya ƙone."

Fumie ta sunkuya ta ba tsohon haƙuri. Ta raɗa wa mijinta cewa inuwar nan ma ta ishe su, amma ya riga ya saɓa Riku a kafaɗa ya shiga ruwa. Ruwan iyakarsa idon sawu. Dole ta kama hannun Koharu suka bi shi.

Suka shimfiɗa tabarma suka ci suka yi nak. Yara suka shiga gina hasumiya da duwatsu, Shigeru ya kishingiɗa ya rufe fuska da hula.

Koharu ce ta fara lura. Ta zo ta taɓa shi ta ce takalminta da ta ajiye a bakin ruwa ya tafi.

Ya tashi zaune. Rana tana nan ƙwal, amma wata iska mai sanyi ta biyo kogin, ɗauke da warin laka. Ruwan ya koma launin ƙasa, ganye da karare suna wucewa da gudu. Can sama kuma ana jin wani ruri, kamar ana mirgina manyan duwatsu.

Nan take ya gane ambaliya ce ke tahowa.

Ya ce kowa ya bar kaya. Ya rungumi Riku ya nufi inda suka tsallako. Taku uku ruwa ya kai masa cinya, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani reshe ya doke shi a gwiwa, ya durƙusa, ruwa ya rufe kan yaron. Da ƙyar ya miƙe ya ja da baya, Riku yana tari yana kuka.

Suka taru a tsakiyar tsibirin. Tabarmar ta ɗaga, ta juya, ta tafi. Shigeru ya kafa ido a kan wani dutse da ke gefensu, ya ga ruwa ya cinye shi cikin mintuna kaɗan. Ya san lissafin: ba da daɗewa ba ruwa zai rufe tsibirin. Ya laluba aljihu, waya ta sha ruwa ta mutu.

"Baban Koharu, me za mu yi?" Fumie ta tambaya a hankali don kada yara su ji.



Sai suka ji usur daga gaɓa. Tsoho Tsuneo ne, tare da 'yan kwana-kwanan ƙauyen su shida, manoma ne da masu kanti, wasu ko takalmin gona ba su cire ba. Ashe tun da iyalan suka tsallaka tsohon ya kashe garwashinsa ya zauna yana gadin ruwan. Yana ganin ganyen farko ya kira su.

Aka wurgo igiya. Sau biyu ruwa yana ɗauke ta, a na uku Shigeru ya cafe. Ya nufi inda kogin ya fi ƙunci, don can ne kusa. Tsohon ya shiga kaɗa hannu yana nuna masa gaba, inda ruwan ya fi faɗi kuma ya fi hauka a ido.

Duk iliminsa yana ce masa ya bi gajeriyar hanya. Ya dubi 'ya'yansa, ya dubi tsohon. Ya juya ya bi inda aka nuna, ya ɗaure igiyar a jikin wani ƙaton dutse.

Ashe wani falalen dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ruwan wurin. Ɗaya daga cikin mutanen ya biyo igiya sanye da rigar ceto, ya goya Riku ya tsallakar. Ya dawo ya ɗauki Koharu. Fumie ta bi, ruwa har ƙugu, ba ta waiwayo ba.

Lokacin da aka zo kan Shigeru babu sauran tsibiri. Ruwa ya kai masa ƙirji, sanyinsa ya kashe masa yatsu. A tsakiya ƙafafunsa suka ɗauke, ya yi reto a jikin igiya, laka ta cika masa baki da hanci. Yana jin Koharu tana ƙwala masa kira. Hannunsa ɗaya ya saki. Sai ya ji an damƙi kwalar rigarsa, aka ja shi kamar buhu har kan ciyawa.

Yana kwance yana aman ruwa ya ga wani kututture ya gangaro, ya bi ta wurin nan mai ƙunci, ya nutse tsaye gaba ɗayansa kafin ya ɓullo can ƙasa.

Gidan tsohon aka kai su. Matarsa ta ba su busassun kaya da miyar waken soya mai zafi. Riku ya maƙale wa uwarsa, ko kusa da ubansa ya ƙi zuwa. Wannan ya fi wa Shigeru ciwo fiye da gwiwar da ta kumbura.

Ya durƙusa gaban tsohon ya kai goshinsa ƙasa. Ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ƙwace masa.

Tsohon ya bar shi sai da ya yi mai isarsa, sannan ya tura masa kwano.

"Tashi ka sha, ɗana. Yaran suna kallonka. An fito da kowa, ai shi ke nan."

Sai da aka yi kwana biyu kafin Riku ya yarda ya sake hawa kafaɗar ubansa.

Darasi: Duk iliminka, idan ka sauka a wuri ka saurari mutanen wurin, domin abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Girman kai ba mai shi kaɗai yake jefawa a halaka ba, har da waɗanda suka dogara da shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shirin tafiya da iyali.