Kwana Tara a Rigingine

Ku matso ku ji, in na gama sai ku raba gardama.

Uwani ta fara ganin Sallau ne a saman rufin gidansu yana buga kwano. Ya leƙo ya roƙi ruwa, ta miƙa masa, ta kasa ɗaga kai. Shekara huɗu da aurensu ya faɗo daga wani rufin, ƙashin baya ya taɓu, aka kwantar da shi a asibiti.

Yayansa Barau, ɗan dako, ya kafa doka: kada kowa ya motsa shi, kar ƙashi ya goce. Ita kuwa Uwani kunyar surukai ta zaunar da ita a baranda. Kwana tara Sallau yana rigingine a kan katifar roba, gumi na jiƙa shi.

Ran na goma ta kai masa kunu, ta ji wari. A gaban uwar mijinta da Barau ta yaye zanen, ta tura hannu ƙarƙashin ƙugunsa. Fata ta saɓule, wurin yana ruwa.

Inna ta ce, "Ke, ba ki da kunya?"

"Kunyar ce ta cinye masa baya, Inna! Muna zaune yana ruɓewa!"

Ihunta ya jawo Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya mai kula da gado talatin ita kaɗai, wadda ba ta taɓa duba bayansa ba. Amma ita ta san aikin. Ta wanke gyambon, ta nuna yadda za a juya shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu tare, matashi tsakanin gwiwoyi, zane busasshe, duk bayan awa biyu.

Sai dai Sallau ƙato ne, mata biyu ba za su iya juya shi ba. Barau da ya hana, shi ya jingine kurarsa ta dako a kasuwa. Wata biyu hannunsa ne ke ɗagawa.

Likita ya ce da an ƙara mako, da gyambon ya kai ƙashi, ya tafi da shi. Ranar sallama Inna ta ce tunkiyarta guda ɗaya ta wanda ya ceci ɗanta ce. Uwani ba ta ko dubi wajen ba. Haushin Barau take ji, da na Sista, da na kanta. Ta riƙe hannun mijinta a gaban kowa ta ce, "Wallahi muddin ina numfashi, ba za ka sake yin awa biyu a gefe ɗaya ba."

To, jama'a, kowannensu da laifinsa. Wadda ta gano, da wadda ta san yadda ake yi, da wanda ya ɗaga, wa za a miƙa wa igiyar tunkiya?