Sandar Jagoran Hanyar Tsagaro

Ku gyara zama, jama'a, yau na zo muku da maganar da ta raba kan dattawan wani gari. Ni nawa ba da labari ne, yanke hukunci kuwa naku.

Akwai wata tsohuwar hanyar ƙafa da ta tashi daga garin Ɗorawar Kwari ta nufi tsohon Birnin Tsagaro, can bisa dutse. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, mota ba ta bin ta, babur ma sai ya sha ɗauka. Tana ratsa kwaruruka, ta bi gaɓar rafuka, ta hau tsauni ta gangara, kuma kusan duk inda ta hau sai ka tarar da kufan wani birni: ganuwar dutse ta zube rabi, kukoki sun tsaya inda dā kasuwa take ci. Kakannin mutanen Ɗorawar Kwari daga Tsagaro suka sauko da aka daina yaƙe-yaƙe, shi ya sa duk shekara, in an kai amfanin gona gida, sukan taka su je su gaida kufan. Yanzu har 'yan birni suna biyo su, da jakunkunan goyo da takalma masu nauyi kamar turmi, suna ta ɗaukar hoton duwatsun da awaki suka gaji da kallo.

Hanyar tana da jagora, kuma jagorancin na gida ɗaya ne. Alamarsa sandar gora ce mai ƙarfe a gindi. Al'ada ta ce jagora da ƙafarsa yake shiga ƙofar Tsagaro, ba a kan jaki ba, ba a bayan mutum ba. Ta kuma ce ba a gadon sandar a ɗaki. A bakin wannan ƙofa mai ita yake miƙa ta da hannunsa ga wanda ya zaɓa cikin 'ya'yansa, namiji ne ko mace.

Jagoran wannan zamani shi ne Malam Jatau, mai 'ya'ya uku. Nomau ne ɗan fari, manomi, mutum mai nauyin baki. Sai Lantana, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin birni. Sai auta Mantau, wanda ya tashi cikin masunta, ruwa ya zame masa kamar tsakar gida. Shekara da shekaru tsohon yana neman su bi shi su ukun ya sauke wannan nauyi. Nomau ya aika a ce masa bana aiki ya yi yawa, Lantana ta ce ba a ba ta hutu ba, Mantau kuwa ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai da sauranka." Haka suka yi ta ja masa rai har shekarar da suka ga yana dafa bango kafin ya miƙe. Sannan hankalinsu ya tashi, suka taru. Damina ba ta gama ɗaukewa ba, amma tsohon ya ce ya jira su da yawa, ba zai ƙara jiran rani ba.

Sai na gaya muku yadda Nomau yake da ubansa, don nan maganar take. Kunyar ɗan fari ce tsakaninsu, irin ta mutanen dā, mai tsanani. Jatau bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". Ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. In da saƙo, uwar yaran ke kaiwa, da ta rasu kuma sai Mantau ya gaje ta. Ba ƙiyayya ba ce, ku ma kun sani. Nomau yana son ubansa kamar ransa, bai dai taɓa samun bakin faɗa ba.

Da suka kama hanya, Jatau na gaba da sandarsa, Mantau na gefensa yana zuba surutu, Lantana na biye, Nomau kuwa can baya da kaya a ka, ya bar tazarar da ta dace. Daga bayan nan ne ya ga abin da na kusa ba su gani ba. Sawun ƙafar hagu ta tsohon ba ya nutsewa a yashi kamar na dama, ja yake yi. Kafin rana ta yi tsaka ya ga ɗigon jini a kan wani falalen dutse. Ya so ya ce, Baba tsaya a duba ƙafarka, amma kunya ta hana shi. Yaya zai dubi mutumin da duk girmansa a ƙafarsa yake, ya ce masa a gaban ƙannensa ƙafar ta gaza? Sai ya yafito auta ya ce, "Mantau, ka ce wa tsoho a ɗan huta."

Mantau ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, tun yanzu? Baba, ka ji babban ɗanka wai ya gaji!"

Jatau ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Ka ce wa wancan inuwa tana gaba."

Nomau ya gyara kayansa a ka ya ci gaba da tafiya. Ya yi tunanin gaya wa Lantana, sai ya ga za ta sa tsohon ya tuɓe takalmi a gaban kowa, kuma zai gane wanda ya tona shi. Ya ce a ransa gobe zai san dabara. Goben ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Shi kuwa tsohon, duk lokacin salla sai ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan dutse ya yi alwala shi kaɗai.

A haka suka iso Gulbin Marke, wanda ya ratsa tsakanin kufai biyu. Ruwan bai janye ba tukuna, ja wur yake, yana tafe da itatuwa. Lantana ta ce a dakata ya rage. Mantau ya shiga ya gwada, ya ga iya ƙirjinsa ne, ya ce wannan ai ba ruwa ba ne, a ƙetare. Suna tsakiya ƙafar nan ta hagu ta zame a kan dutse, kafin a ce me, ruwa ya yi gaba da Malam Jatau. Mantau ya faɗa bayansa. Ruwan ya yi ta maka shi da duwatsu har kafaɗarsa ta goce, amma bai saki ba sai da ya cafko wuyan rigar ubansa a wata kwana, ya jawo shi gaɓa da hannu ɗaya, tsohon yana riƙe da sandarsa gam. Ba don Mantau ba, ko gawa ba za a gani ba.

Da aka shimfiɗe shi ba ya numfashi. Lantana ta durƙusa ta yi ta danna ƙirjinsa tana hura masa iska har ya amayar da ruwan, ya buɗe ido. Sannan ta zare takalminsa, ta ga abin da ya ɓoye. Ƙaya ce ta shige tafin ƙafar ta karye a ciki, wurin ya ruɓe, kumburin ya haura har ƙwauri. Ta ɗaga kai ta ce, "Innalillahi! Wannan tun yaushe?" Nomau ya sunkuyar da kai. Suka kai shi wani tsohon zaure da rufinsa bai gama faɗuwa ba. Ta tsaga wurin ta wanke, ta yi masa allura daga jakarta, ta zauna a kansa kwanaki tana jiƙa tsumma tana shafa masa har zazzaɓin ya sauka. Ba don Lantana ba, a zauren nan za a binne shi.

Wata safiya Nomau ya dawo daga ɗebo itace, ya ji tsohon da Lantana suna magana ta bayan bango. Tsohon yana kiranta da sunan da ya saba, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, kada ki ɓoye mini."

"Baba, in muka juya yanzu muka kai asibiti, in Allah ya yarda za ka rayu. Amma ƙafar sai an cire."

"In muka ci gaba fa?"

Ta girgiza kai. Ya ce, "To na ji. Ki ba ni abin da zai tsayar da ni kawai." Ta yi kuka, ta roƙe shi, ya ƙi. Daga ƙarshe ta ba shi.

Maganin ya riƙe shi har gindin dutsen Tsagaro. Nan hanya ta zama matakala ta dutse, tsaye kamar tsani, nan kuma ƙafar ta ce ta gama. Kafaɗar Mantau a ɗaure take, Lantana ba ta da ƙarfin ɗaukar namiji. Nomau ya sauke kayansa. Ya tako tazarar nan da bai taɓa takawa ba, ya tsuguna a gaban ubansa, ya juya masa baya.

Jatau ya dubi auta ya ce, "Ka ce wa wancan jagora ba ya hawa bayan mutum."

Nomau bai jira a isar masa ba. Ya ce, "Baba, zan sauke ka kafin ƙofa."

Tsohon ya daɗe bai motsa ba, sannan ya ɗora hannuwansa a kafaɗun ɗansa. Nomau ya miƙe, ya ji uban nan da yake gani kamar tsauni bai fi damin gero nauyi ba, sai hawaye suka zubo masa. Ya yi ta hawa, rana na dukansa, gwiwoyinsa na gurjewa a dutse, numfashin tsohon na sauka a ƙeyarsa da zafi. Sau da yawa ya buɗe baki zai ce, Baba na ga jinin tun ranar farko, ka yafe mini, sai ya kasa. Ba don Nomau ba, daga ƙasa tsohon zai hangi ganuwar, iyakarsa ke nan.

Kusa da ƙofa ya sauke shi. Malam Jatau ya dogara sandarsa, ya ja ƙafar nan da kansa har ya shige ƙofar Tsagaro. Ya juyo ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa a sake. Ya ɗaga sandar, ya buɗe baki, sai gwiwoyinsa suka sage. Sandar ta faɗi ƙasa a tsakaninsu, ba ta fi kusa da kowa ba. Bai sake magana ba, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Suka yi masa sutura suka binne shi a jikin ganuwa.

To, ga sanda a ƙasa, an rasa mai ɗauka. Mantau ya ce shi ya ce a ƙetare ruwa, ba zai taɓa ta ba. Lantana ta ce ita ta san abin da ke gaba, da ta hana maganin da dole a juya gida, yau da yana raye ko da ƙafa ɗaya. Sai Nomau ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani a kan falalen dutse. Lantana ta dube shi ta daɗe, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Yaya, da ka gaya mini ranar, ƙaya kawai zan cire."

Suka naɗe sandar da rawanin tsohon, suka yi ta karɓa-karɓa da ita har gida, suka ajiye gaban dattawa. Wasu suka ce ta Mantau ce, shi ya sayar da ransa a ruwa. Wasu suka ce ta Lantana ce, ita ta dawo da numfashinsa, ta kuma danne son zuciyarta ta bar shi ya cika burinsa. Wasu suka ce ta Nomau ce, a bayansa tsohon ya kai ƙofa. Kowa ya kawo hujjarsa sai wani ya tuna masa laifin wanda ya zaɓa. Nomau kuwa ba ya zuwa wajen zaman, yana gona tun safe har yamma, ya daina magana da kowa sai gaisuwa. Ga kaka ta gabato, jama'a sun fara ɗaura guzuri, hanya ba ta da mai shigewa gaba.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, wane ne a cikin ukun nan ya fi cancanta ya ɗauki sandar Malam Jatau?