Jar Rigar Sarki Barmo

Delu, ƙawata, ajiye tankaɗen nan ki matso kusa, akwai labarin da ya kwana biyu yana cina. Daga bakin kakata na ji shi, Allah Ya jiƙanta, kuma ko gishiri ban ƙara masa ba.

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki saurayi mai suna Nagoma. Mutum ne mai sanyin hali, mai jin kunyar tsofaffi. Damuwarsa ɗaya ce, ba shi da kwarjini. Yana magana fadawa na nasu zancen, fatake su shigo fada suna dariya, har mai ƙara yakan katse shi a tsakiyar hukunci. Abin yana cin ransa, bai gaya wa kowa ba.

To, ƙasar tana da al'ada. In sarki ya rasu ba a gadon tufafinsa. Akan kwashe su a kai marina, a tsoma su cikin baba har su koma baƙi wuluk, sannan a yayyanka a raba wa talakawa. Tsofaffi suka ce ana yin haka ne don kada a ga mamaci yana yawo a gari. Riga ɗaya ce ta tsira, jar rigar alharini ta kakan Nagoma, wato Sarki Barmo, wanda ya shekara talatin jini bai bushe a ƙofar fadarsa ba. Ran da ya mutu babu marinin da ya yarda ya taɓa ta. Aka cusa ta a adudu, aka ɗaure, aka tura ƙuryar ɗaki.

Wata Alhamis da hantsi Nagoma ya sa aka kwance adudun. Rigar na nan kamar jiya aka ninke ta, asu bai ci ba, har ƙanshin turaren mai ita bai fita ba. Ya saka, ya fito fada.

Wuri ya yi tsit. Wani tsohon bafade ya kife da fuskarsa a ƙasa, ya ce, "Zaki, ka dawo?" Daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaga kai ya dubi fuskar sarki. Nagoma ya ji daɗi, ya ce a ransa ashe abin da ya rasa ke nan.

Kafin mako ya zagayo sarki ya fara ɗingishi da ƙafar hagu. Ya daina juya wuya, in aka kira shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali. Haka Barmo yake yi, Delu, alhali Barmo ya shekara goma a kabari kafin a haifi jikan nan nasa.

Sai ga Arzika, Sarkin Marina, dattijo mai hannuwa shuɗɗa har gwiwar hannu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah Ya ja zamaninka, laifin gidanmu ne. Ubana ne ya ji tsoro ya bar rigar nan ba a rina ba. Ka ba ni ita in cika aikin da ya bari."

Sarki ya juyo da jikinsa duka, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Rana ta ishe ka."

Tsofaffin fada suka dubi juna, domin da wannan magana Barmo ke yanke hukuncin kisa. Dogarai suka ɗaure Arzika, aka ce jibi da hantsi za a sare kansa.

Waziri Cindo, wanda ya goyi Nagoma a kafaɗa yana ƙarami, ya fita bai ko ci abinci ba. Ya nufi gidan Tasalla, tsohuwar jakadiya, wadda ita ke sa wa Barmo tufafi. Ya same ta a gindin tsamiya tana kaɗi.

Ya ce, "Iya, ki gaya mini gaskiya, aljani ne a rigar nan?"

Ta ce, "Aljani? Kai da gemu har ƙirji? Shekara ashirin ina ɗaukar rigar nan. Gefenta na hagu cike yake da layu da dalma, don Barmo tsoron mashi yake yi ta wajen zuciya. Ko jaki ka sa wa sai ya yi ɗingishi. Wuyanta kuma ɗinkin zaren azurfa ne, yana gugar fata. Wanda ya wuni wuyansa na raɗaɗi, da wa zai yi dariya? Sauran kuwa aikinku ne. Kun ga ja kun zube, yaro ya ga kun zube ya tsaya inda kuka ajiye shi."

Waziri ya ce, "Na yarda. To maganar da ya gaya wa Arzika fa, wa ya koya masa?"

Tasalla ta tsayar da mazari. Ta ce, "Wannan ban sani ba. Ka nemi tsari ka tashi. Amma ka tuna, ranar kisa Barmo ba ya magana. Hauni, mai sare kai, zai tambaya sau uku ko a bar mutum. In ya ji shiru, shirun ne umarni."

Washegari Waziri ya sami sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ga tambayar da ta gagari malamai. Mene ne duk mutanen gari ke gani, su yi rawar jiki, amma sarki shi kaɗai bai taɓa ganinsa ba?"

Sarki ya yi ta tunani har azahar, ya ce ya ba da gari.

Waziri ya ce, "Kwarjininka ne, Zaki. Kowa ya sha kallo sai mai shi. In ka yarda, gobe mu ɗora rigar a kan karaga, kai kuma ka tsaya cikin jama'a ka gani da idonka."

Abin ya ba sarki sha'awa, ya yarda. Da safe, kafin a buɗe fada, Waziri ya kafa turmi a kan karaga, ya sa masa jar rigar, ya kifa ƙwarya a sama, ya naɗa mata rawani, ya ja amawali ya rufe inda fuska za ta kasance. Sarki ya sa tsohuwar taguwa irin ta manoma, ya tsaya can baya. Shirin Waziri shi ne, da sarki ya ga takobi zai farka ya hana.

Aka buɗe ƙofa. Jama'a suka shigo suka zube gaban turmi. Maroƙa suka yi masa kirari. Alƙali ya gaishe shi. Aka kawo Arzika aka durƙusar.

Hauni ya ce, "Zaki, a bar shi?" Shiru.

Ya sake tambaya. Shiru. Nagoma ya dubi bayan mutane ɗari uku a sunkuye, ya dubi turmin da matan gidansa ke daka gero a ciki.

Hauni ya tambaya na uku, ya ɗaga takobi.

Nagoma ya yi ihu, "Tsaya!"

Wani dogari ya shaƙo wuyan taguwarsa, ya ce cikin raɗa, "Kai ɗan wa ne da za ka buɗe baki gaban Zaki? So kake ka ja mana?"

"Ni ne sarkinku! Ku ɗaga kai ku dube ni!"

Babu wanda ya ɗaga. Ya nemi Waziri da ido, sai ya hango shi a durƙushe, goshinsa a ƙasa. Mutumin da ya naɗa wa ƙwarya rawani da hannunsa, Delu! Daga baya ya rantse cewa ya so ya yi magana harshensa ya ƙi.

Nagoma ya fizge, taguwar ta yage, ya tsallake kawunan mutane ya haye karaga ya tura turmin. Kakata ta ce bai faɗi ba sai a turi na biyu, kamar mai ƙin tashi. Ƙwaryar ta gangaro daga cikin rawani, ta yi ta birgima har ta tsaya a ƙafar Hauni, takobinsa na sama.

Sai a lokacin aka ɗaga kai.

Sarki ya sauko da yagaggiyar taguwa, ya kwance Arzika da hannunsa, ya ce, "Baba, ka gafarce ni." Ya juya wajen jama'a, wannan karon da wuyansa, ya ce, "Tsoron da turmi ma zai iya samu, ba na son sa. Daga yau duk wanda zai yi magana da ni ya dubi fuskata, kuma ba za a ƙara taɓa ran mutum a kan shiru ba."

Arzika ya ɗauki rigar da sanda ya kai marina. Ya farke layun, ya kwana bakwai yana tsomawa kafin jan ya mutu. Da aka yayyanka, ko matalauci ɗaya bai karɓi ƙyalle ba, sai aka zuba ƙyallayen a ramin rinin aka cike shi da ƙasa. Ɗingishin sarki bai sake shi ba sai bayan kwana arba'in. Aka saƙa masa farar riga da audugar ƙasar, mai faɗin wuya. Ya yi mulki da adalci har ya tsufa, kuma a ƙarshe fada takan yi shiru in zai yi magana, don mutane na son jin abin da zai ce.

Abin da ya sa na tuna da shi, Juma'ar da ta wuce babban yaron nawa ya buɗe akwati ya sa shuɗiyar rigar marigayi babansu. Ina shara a tsakar gida ya yi sallama, da irin gyaran muryar nan na babansu. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Malam" ba, yadda nake gaishe da babansu. Yaron ya ce, "Yauwa," ya wuce ɗaki, ko mamaki bai yi ba.

Na yi ta istigfari, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan ba da rigar sadaka can nesa, inda ba a san mai ita ba. Don girman Allah, Delu, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ko 'yar'uwarki kada ta ji.