Nomau da Albasar da Ta Sa Teku Kuka

Ga ta nan tafe, ga ta nan a ƙofarku!

Ta shigo mu ji ta!

To ku matso. Wani mutum ne wai shi Nomau, manomin fadama. Wata shekara fadamar garinsu ta ƙafe ƙaf. Albasa ta ƙare, sai ɗan buhu ɗaya na ƙananan albasar iri. Mai gari ya kira shi ya ce, "Nomau, ga irinmu na ƙarshe. Je ka nemo mana sabuwar fadama. In ya salwanta, mu da albasa har abada."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ya ɗora wa jakinsa buhu, suka nufi kudu. Suna ta tafiya, suna ta tafiya, sai ga wani dutse, ruwa na zubowa daga kansa fari fat kamar an kifar da ƙwaryar nono. Nomau ya saki baki. Ya ce, "Dutse, Dutse, kana da kyau. Kana da wurin albasa?"

Dutse ya ce, "Baƙo, sha ruwa ka yi wanka. Wurin albasa yana gaba."

Suka sha, suka yi wanka, suka wuce. Sai ga kurmin kwakwa, dogaye, birai na lilo a kai. Nomau ya ce, "Kurmi, Kurmi, kana da kyau. Kana da wurin albasa?"

Kurmi ya ce, "Baƙo, fasa kwakwa ka sha. Wurin albasa yana gaba."

Suka sha har cikin Jaki yana ƙugi. Suka wuce. Sai ƙasa ta ƙare! Wallahi ta ƙare. Ga farin rairayi, ga jiragen masunta a kife, ga ruwa shuɗi har inda ido ya gaji. Jaki ya ce, "Maigida, wa ya zubar da sama a ƙasa?"

Wata Ƙaguwa ta leƙo daga rami ta ce, "Kai baƙauye, Teku ke nan."

Suna cikin kallo sai Teku ya fara ja da baya, yana ja, yana ja, ya bar fili jiƙe sharkaf. To ku kun san dokar manomin fadama: ruwa ya janye, a yi dashe. Nomau ya yi tsalle ya ce, "Rani ya yi! Ga fadama babu mai ita!"

Ƙaguwa ta ce, "Malam, unguwa ya je, yanzu zai dawo."

Nomau ya ce, "Ke mai tafiyar karkace, ni za ki koya wa noma? Ruwa in ya tafi sai baɗi."

Ya kasa iri kashi uku. Ya ja kunya, ya dasa kashi ɗaya, ya kwanta a inuwa yana fito. Kafin la'asar sai ga Teku, fuuu! Ya lashe albasa tas.

Washegari Teku ya sake janyewa. Nomau ya ce, "Jiya mantuwa ya yi, ya dawo ɗauka. Yau ya tafi ke nan."

Jaki ya ce, "Maigida, ni dai jaki ne, amma..."

"To tsaya a jakinka."

Ya dasa kashi na biyu. Fuuu! Teku ya lashe tas.

Nan fa Nomau ya leƙa buhu. Saura kashi ɗaya, ga mutanen gari na jira. Ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya ji ana shessheƙa, ana jan hanci. Ya duba, ashe Teku ne ke kuka shaɓe-shaɓe!

Teku ya ce, "Wayyo idona! Baƙo, me ka binne a farfajiyata? Na haɗiye jirgi ban yi kuka ba, na haɗiye dutse ban yi kuka ba. Wannan ɗan ƙulu-ƙulun fa?"

Nomau ya dubi Jaki, Jaki ya dubi Nomau. Sai Nomau ya gyara hula, ya ɗaga buhu ya ce, "Ai waɗancan jikoki ne ka ci. Ga kakanninsu nan, gobe zan dasa."

Teku ya ce, "Don Allah kar ka dasa!"

"Sai na dasa."

"Na ba ka kifi."

"Sai na dasa."

"Na ba ka wuri da murjani."

"Ba a miya da murjani. Nuna mini fadamar da ƙafarka ba ta zuwa, in ba ka maganin kuka."

Teku ya ce, "Ku hau." Ya ɗauki Nomau da Jaki da buhu a kan igiyar ruwa, Jaki na ihu, ya tura su cikin bakin wani kogi, sama, sama, har ya dire su a wata fadama mai baƙar ƙasa, ga ruwan daɗi, ga balbelu farare tas.

Teku ya ce, "To, maganin fa?"

Nomau ya sa baki a kunnensa ya ce, "Ka daina cin albasa."

Teku ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mu ma haka muke yi."

Nomau ya dasa kashi na uku. Albasa ta yi kai kamar tulu. Ya aika Jaki ya kirawo mutanen gari, suka taso kaf har da mai gari. Hawayen da Teku ya zubar kuwa suka bushe a bakin gaɓa, suka zama gishiri, mata suka kwashe suka zuba a miya. Har yau in ka ɗanɗana ruwan Teku za ka ji hawayen nan, don yajin bai sake shi ba.

In kun je baƙon wuri, ku saurari ƴan wurin, ko da a karkace suke tafiya.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa! Ba don Jaki na wurin ba, da kun ce ƙarya na shirga muku.